Kawuna da Yajin Aikin Masu Jan Waya a Arfa

Yau kwana arba'in da 'yan kai da rasuwar Kawuna, wan mahaifiyata, kuma kusan kullum sai na ɗauki biro na sake ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, can Kano, kafin in zo ƙasar nan. Amma ba wannan ne ya fi hana ni ba. A cikin mutanen da zan ambata akwai waɗanda har yau ba su da igama, wato takardar izinin zama, kuma ba na son rubutuna ya zama sanadin da za a ɗauki uban wasu a kai shi tarhil, inda ake tsare marasa takarda, a mayar da shi gida. Sannan ina tsoron giba. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in bari, ɗaya ya ce in rubuta amma kada in kama sunan kowa. Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na bi na biyun. Idan na yi kuskure Allah ya yafe mini.

An yi wa Kawu salla a Harami bayan La'asar, aka kai shi maƙabartar Sharaye. Kwana uku ana jera kujeru a lungunmu na unguwar Misfala domin zaman aza, wato zaman makoki, daga Magariba zuwa Isha'i, ana zagawa da gahawa da dabino. Wata tsohuwa mai sayar da funkaso ta tsaya daga nesa tana cewa, "Shi ke nan, mai naɗe mini igiyar shanya ya tafi." Wani ɗan Sudan mai gyaran lantarki ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Samarin da aka haifa a nan suka ce, "Allah yirhamu," suka koma kan wayoyinsu. Ban ga laifinsu ba, ba su san shi da ƙarfinsa ba.

A rana ta biyu aminin Kawu ya zo, wanda suka shigo Makka tare tun suna samari. Ya zauna a kujerar gaba, ya gyara murya.

"Jama'a," ya ce, "wannan bawan Allah shi ya tsaya mana a Arfa. Ya ce a ajiye aiki, muka ajiye, muka tsaya a bayansa kamar mutum ɗaya. Rumfunan da masu jan waya suke hutawa a ciki yau, ni da shi muka samo su."

Mutane suka yi ta kabbara. Babban ɗan Kawu, taubashina, yana tsaye a layin masu karɓar gaisuwa, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa gahawar hannuna ta huce ban kurɓa ba. Ina wurin a ranar da yake magana a kai. Ba haka aka yi ba.

Kawu mai jan waya ne. Hoton Arfa da ake gani a talabijin ranar hawan Arfa, a Kano ko a Damagaram ko ko'ina, ta cikin waya yake bi daga kyamara zuwa babbar motar watsa shirye-shirye. Wayoyin nan baƙaƙe ne, masu kauri da nauyi, kuma mutane ne suke jansu a kafaɗa tun kwana goma kafin ranar, su binne wasu, su ɗaure wasu a jikin ƙarfe. Kawu ya fi shekara ashirin yana wannan aiki duk aikin Hajji, a ƙarƙashin wani kamfanin 'yan kwangila, har ya zama shi ne shugaban Hausawan da ake ɗauka. Sauran watannin shekara yakan bi masu shirya wasan kwaikwayon da ake nunawa a talabijin da azumi zuwa daji, nan ma jan waya. Yakan ce, "Hoto ba shi da ƙafa. Mu ne ƙafarsa."

Yana da yadda yake naɗe waya, zagaye ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, don kada ta murɗe daga ciki. Ranar da na fara aiki da shi na naɗe wata a gwiwar hannuna kamar igiyar rijiya. Ya fizge ta.

"Kai, ɗan nan! Guga za ka ja? Uwarka ta aiko mini da kai in koya maka sana'a, ba ka zo ka kashe mini waya ba."

Na ji haushi, na ce ai waya waya ce. Bai yi mini magana ba har muka tashi. Washegari da sassafe ya ajiye mini shayi da burodin tamis, ya zauna a ƙasa ya nuna mini sau ashirin, ba faɗa. Har ya tsufa hannunsa bai daina ba. Igiyar shanyar maƙwabta, wayar cajin jikokinsa, bututun ruwan masallaci, duk abin da ya gani a cukurkuɗe sai ya tsuguna ya naɗe. Inna, matarsa, takan ce, "Ku ɓoye mini zaren ɗinkina, ga shi nan zuwa."

Shi ya karɓe ni lokacin da bizata ta ƙare ba ni da kowa. Kuma ba ni kaɗai ba. Soronsa bai taɓa rabuwa da baƙo ba.

Maganar yajin aiki a bakin wani Bamasare mai ɗaukar hoto ya fara jin ta. Shi ya gaya masa cewa a wasu ƙasashe masu aikin fim suna da ƙungiya, idan an cuce su sai su ajiye aiki gaba ɗaya, daga mai riƙe fitila har mai kyamara. Abin ya zauna wa Kawu a rai. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya a wurin ɗaukar wani wasa a daji, ranar da ruwan sha ya ƙare. Suka zauna, kafin awa biyu sai ga motar ruwa. Ya daɗe yana ba da wannan labari yana dariya. Ni a ganina wannan nasara ce ta ruɗe shi, ya ɗauka haka abin yake kullum.

Dole in bayyana wata al'ada tamu, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Ba a shiga aikin Arfa sai da katin wuya, kuma ba a ba da katin sai ga mai takarda. To 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna da takarda amma ba sa son rana, mu kuma muna iya rana amma ba mu da takarda. Sai mai takarda ya yi rajista, ya karɓi kati, ya ba ɗan'uwansa ya rataya. Kowa ya san da haka. Mushrif ma, wato mai kula da mu daga kamfani, ya sani. Hoton jikin katin ƙarami ne, kuma shi a wurinsa duk kamarmu ɗaya. Ba mu ɗauke shi laifi ba, taimakon juna muke ce masa.

A shekarar da nake magana, shekara tara ke nan ko goma, na ƙirga sau da yawa ban tabbata ba, wani mutum ya sauka a soron Kawu. Dogo ne, mai Hausar Damagaram, ba ya yawan magana. Dogo muke kiransa, kuma ba wanda ya tambaye shi sunansa na yanka, domin a nan ba a tambayar marar takarda irin wannan. Kawu da kansa ya karɓi katin babban ɗansa ya rataya wa Dogo.

Kwana huɗu kafin hawan Arfa, da tsakar rana, Dogo ya faɗi da waya a kafaɗarsa. Ni ina can wani layin, ban ga faɗuwarsa ba. Waɗanda suke kusa sun ce jikinsa ya yi zafi kamar ƙarfe, ba gumi, idonsa ya juye. Sun ce abin da mushrif ya fara yi shi ne cire katin daga wuyansa ya sa a aljihu. Sannan aka ɗora shi a bayan ƙaramar motar kamfani aka tafi da shi. Da La'asar Kawu ya tambaya wane asibiti aka kai shi.

Mushrif ya ce, "Wa? Ba ni da ma'aikaci da ya faɗi. Wani alhaji ne muka tsinta a hanya muka taimaka masa. Yalla, ku koma aiki."

Washegari da safe Kawu ya tara mu, mun kai mutum talatin, a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Bai ɗaga murya ba.

"Ni na kawo mutumin nan," ya ce. "Ni na rataya masa katin. Abu biyu nake nema. A gaya mana inda yake, in yana da rai mu duba shi, in ya rasu mu yi masa sutura. Kuma a bar mu mu huta da tsakar rana. Ba wanda zai taɓa waya sai an yi wannan. Wanda ba zai iya ba ya faɗa yanzu, ba zan riƙe shi ba."

Ba wanda ya ce ba zai iya ba. Aminin Kawu ne ma ya fara ɗaga hannu ya ce a yi Fatiha a kai. Muka yi.

Ranar farko ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Muna zaune muna kallon injiniyoyi suna ƙoƙarin jan waya da kansu, tana murɗe musu, muna dariya ƙasa-ƙasa. Wani a cikinmu ya ce, "Kawu, je ka nuna musu ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa mana." Kawu ya ce, "Su tambayi mushrif, shi ya san komai." Mushrif ya zo sau uku. Na farko da zagi, na biyu da lemo mai sanyi, na uku ya tsaya yana kallon katunan wuyanmu ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta biyu da hantsi sai ga taubashina a mota, da farar rigarsa. Da ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, yana ce mini baƙauyen Kano, ina ce masa Balaraben da bai iya cin tuwo ba. Ran nan ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa, wanda yake kira buya, wato baba da Larabci.

"Ya buya, sunana ne a katin nan. Ismi ana. In aka yi bincike ni za a kama, ba mushrif ba. Aikina zai tafi, ga yarana. Saboda mutumin da ko sunansa ba ka sani ba?"

Kawu ya ce, "Da sunanka ya faɗi. Ko don wannan ai ka nemi inda yake."

"Halas, shi ke nan, ya buya. Allah yana tare da shi. Ka bari."

Sai aminin Kawu ya matso. Ya ce shi ya yi magana da mushrif, kuma mushrif ya ce idan Azahar ta yi ba a koma aiki ba, zai sa a zo a duba fuskar kowa da hoton katinsa. Bai yi wa Kawu maganar ba, mu ya juyo ya yi wa. "Ni dai na gaya muku," ya ce. "Shi yana da igama. Ku fa?"

Gaskiya ne, Kawu yana da igama. Wannan magana ita ta raba mu. Mutum ɗaya ya tashi kamar zai je fitsari, bai dawo ba. Biyu suka bi shi. Kafin a kira Azahar saura mu huɗu.

Nan ne wurin da na fi ajiye biro. Katin da ke wuyana na wani ne. Matata tana da tsohon ciki a Misfala. Na dubi Kawu, shi bai dube ni ba, yana jan carbinsa. Na ce, "Kawu, zan je in yi alwala." Ya ce, "Je ka, ɗan nan." Ya san ba alwala zan yi ba. Na je na ɗauki waya. Ba a jima ba sauran biyun ma suka biyo ni.

Duk inda na ja waya a ranar ina hango shi, shi kaɗai a gindin darbejiya, har rana ta faɗi. Kafin Magariba mushrif ya aika aka karɓi katinsa. Aminin nasa ne ya je ya karɓo, kuma shi aka naɗa shugabanmu tun daga ranar. Shekarar da ta biyo baya aka kafa rumfuna, aka ce a riƙa hutawa da tsakar rana. Ko zamanmu ne ya jawo, ko dama an yi niyya, ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba.

Kawu bai sake jan waya ba. Masu wasan azumi ma suka daina kiransa, domin labari ya zaga cewa shi mai tada fitina ne, kuma a bakin mutanenmu labarin ya zaga. Ya koma zama a ƙofar wani shagon carbi yana taya mai shagon tsaro. Bayan Hajji ya bi asibitocin Makka ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina sai a ce masa, "Sunansa?" Ba shi da suna da zai bayar sai Dogo. Sunan da ke katin kuwa na ɗansa ne, ba zai iya faɗa ba. Ya bi gidajen mutanen Damagaram a Misfala da Utaibiyya, kowa ya ce ya san dogaye da yawa. Wani malami ya ba shi shawara ya yi masa sallar gawa daga nesa ya huta. Ya ce, "In yana da rai fa? In sallaci mai rai?"

Bai taɓa yi mini gori ba. Da matata ta haihu shi ya yi wa yaron huɗuba. Da ya zage ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi. Tsakaninsa da ɗansa gaisuwa ce kawai ta rage. Amininsa kuwa duk Juma'a suna haɗuwa, Kawu ya ba shi hannu, su rabu. Ni na ɗauka ya yafe ne.

Shekarun baya kaɗan, da rediyo ya riƙa kawo labarin masu rubuta fina-finai da 'yan wasa a Amurka sun tafi yajin aiki, Kawu ya manne rediyon a kunnensa kullum. Ya ce mini, "Ka ji? Wata da watanni, ba wanda ya tashi alwala." Sai ya ga fuskata, ya yi sauri ya dafa ni. "Ba da kai nake ba, wallahi. Su da sunansu suke zaune. Mu da sunan aro muka zauna, ta ina za mu daɗe?" Sannan ya ce, "Nasu za a rubuta shi a littafi. Namu kwana ɗaya da rabi ne, wa zai rubuta?"

Bayan an tashi daga zaman aza na uku, na shiga gaida Inna. Na gaya mata abin da aminin Kawu ya faɗa a gaban mutane. 

"Kai ba ka san wanda ya tuƙa motar ba?" ta ce.

"Wace mota, Inna?"

"Wadda aka ɗauki baƙon nan a ciki. Shi ne. Kawunka ya gan shi da idonsa. Duk Juma'ar nan da kake gani suna gaisawa, tambaya ɗaya yake masa, ina ka kai shi? Shi kuma ya ce, sai mun zauna. Shekara nawa, ba su zauna ba."

Na yi mako guda ina tunanin ko in je ko kada in je. Mutum ne sa'an ubana, ya taɓa biya wa matata kuɗin magani. Amma na je. Na same shi da safe a ƙofar gidansa a Utaibiyya, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na ce, "Baba, ina ka kai Dogo?"

Ya ce, "Kai ma? Kai da ka tashi kafin Azahar?"

"Na tashi, Baba. Shi ya sa na zo."

Ya kalli titi. Ya ce akwai wani ƙaramin asibitin wucin gadi da ake kafawa a Arfa lokacin Hajji, can ya nufa da shi. Amma da ya hango masu tsaro a ƙofa sai ya tuna motar kamfani ce, za a tambaye shi takarda, a tambaye shi wane ne wannan.

"Na ajiye shi kusa," ya ce.

"A ƙofa, Baba?"

"Kusa. A inuwa. Inda za a gan shi."

"Yana numfashi?"

"Lokacin da na tafi yana yi." Ya miƙe tsaye. "Na rufa wa mutum talatin asiri, har da kai. Kawunka yana da igama, shi ya sa yake da bakin magana. Ka je, kada ka sake zuwar mini da wannan."

Na dawo gida a ƙafa, ban ma tuna da hawa mota ba. Wannan mutumin shi ya ce a yi Fatiha a gindin darbejiya, alhali tun jiyanta ya san inda ya ajiye Dogo. Da ya faɗa a safiyar nan, da mun bazu mun duba, Arfa ba ta cika ba tukuna. Ya zauna tare da mu yini guda yana dariyar injiniyoyi. Ban ce ni na fi shi ba. Amma ni ban tsaya a kan gawar Kawu na ce mun tsaya masa kamar mutum ɗaya ba.

Kawu ya rasu bai san ko Dogo yana raye ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa katin da ya rataya wa baƙonsa da kyakkyawar niyya. Mu da muka tashi muka bar shi, Allah ya yafe mana, in shi ya yafe.

Yanzu ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a nan ko a Nijar ko a Nijeriya. Mutumin dogo ne sosai, siriri, shekarunsa za su kai arba'in a lokacin. Yana da tsage uku ƙanana a gefen kowane ido, kuma ɗan yatsansa na ƙarshe na hannun hagu a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Ya taɓa ce wa Inna yana da 'ya'ya mata biyu, kuma garinsu ana haƙar kanwa a kusa. Iyakar abin da muka sani ke nan. Wataƙila an tsince shi an yi masa magani an mayar da shi gida, yana can yana zaton mun yar da shi da gangan. Wataƙila kuma akwai wata mata da har yau ba ta san ko ta yi takaba ba. In kun san mutumin da ya dawo daga Makka da labarin ya faɗi a Arfa yana jan waya, ko gidan da nasu ya tafi a wancan lokaci aka daina jin ɗuriyarsa, don Allah ku aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan, sun san inda za su same ni. Ko ba ku san ƙarshensa ba, ku aiko mini da sunansa.